Matsalolin Ido Bayan Tiyata: Alamomin da Ba a Kwana da Su, da Yadda Ake Maganinsu

An yi maka aikin ido, washegari an kwance bandeji, ka ga fuskokin iyalinka bayan ka daɗe kana lalube. Mu ma likitoci ba ma gajiya da ganin wannan farin ciki. Sai dai ranar da aka kwance bandeji ba ita ce ranar da jinya ta ƙare ba. Idon da aka yi wa tiyata yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya warke, kuma a cikin waɗannan makonni ne yawancin matsaloli masu haɗari suke tasowa.

Galibin waɗanda aka yi wa aiki suna warkewa lafiya. Waɗanda suka gamu da matsala kuma, kusan kowace iri tana da magani. Abin da ya fi raba wanda idonsa ya tsira da wanda ya rasa shi shi ne saurin komawa asibiti. Saboda haka wannan bayani na majinyaci ne da masu kula da shi, musamman waɗanda ke nesa da likitan ido, kamar mutanen Dirin Daji da ƙauyukan ƙaramar hukumar Sakaba da sauran ƙasar Zuru a jihar Kebbi, inda zuwa babban asibitin ido tafiya ce ta sa'o'i da kuɗin mota mai yawa. Wanda ke irin wannan wuri yana buƙatar sanin alamar da za ta iya jiran ranar da likita ya sa masa, da alamar da ba a kwana da ita.

Me ya sa batun ya shafi kusan kowane gida?

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, kuma yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 cikin 100 na wannan makanta. Wannan ne ya sa aikin cire yana ya fi kowane aikin ido yawa a ƙasar nan, a asibitoci da kuma a gangamin aikin ido na kyauta da gwamnatoci da ƙungiyoyi suke kawowa garuruwa. A jihar Kebbi, ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana aiki da gwamnati a kan lafiyar ido da yaƙi da amosanin ido.

Gangamin kyauta ya buɗe wa talakawa da yawa ido. Amma likitocin da suka zo gangami sukan koma bayan 'yan kwanaki, alhali ido bai gama warkewa ba. Daga nan nauyin lura ya koma kan majinyaci da iyalinsa.

Me ake yi wa ido a aikin yana?

Sai ka san sassa uku na ido kafin ka fahimci matsalolin. Na farko shi ne madubin gaban ido, wato garau ɗin da ya rufe baƙin ido, wanda haske yake ratsawa. Na biyu shi ne gilashin cikin ido, wanda ke zaune a cikin wata siririyar jaka a bayan baƙin ido. Idan wannan gilashi ya yi hazo ya koma fari, shi ne ake kira yanar ido. Na uku ita ce ratina, wata shimfiɗa ce a can bayan ido wadda ke karɓar hoto ta aika wa ƙwaƙwalwa.

A aikin yana, likita yana yin ƙaramin yanka a gefen madubin gaba, ya fitar da gilashin da ya lalace, ya bar jakarsa, sannan ya sa gilashin roba a cikin jakar. Ba a fito da ƙwayar ido waje, kamar yadda wasu suke tsoro. Amma tunda an buɗe ƙofa a jikin ido, sai an kiyaye ta har ta haɗe.

Abin da ba na tashin hankali ba ne

A kwanakin farko za ka iya jin kamar da tsakuwa a idon, da ɗan zafi-zafi, da hawaye, da ƙin hasken rana. Farin ido zai iya yin ja, fatar ido ta ɗan kumbura, gani kuma ya yi ɗan hazo. Farasitamol yana isar wa irin wannan ciwo.

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: idon da ke warkewa, kowace rana ya fi ta jiya. Idan yau ya fi jiya ciwo, ko ganin yau bai kai na jiya ba, to ba warkewa ba ce.

Alamomi shida da ba a kwana da su

1. Ciwo mai ƙaruwa, mai hana barci, wanda farasitamol bai kwantar da shi ba.
2. Gani ya ragu bayan da ya fara kyau.
3. Jan ido yana ƙaruwa, fatar ido ta kumbura, ga kwantsa ko mugunya, ko kuma wani farin abu ya kwanta a ƙasan baƙin ido.
4. Ciwon ido tare da ciwon rabin kai, tashin zuciya ko amai.
5. Ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawa da suka bayyana farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule da ke rufe gefe ɗaya na gani.
6. Bugu ko faɗuwa a kan idon da aka yi wa aiki, ko da ciwon bai yi yawa ba.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya kama hanyar asibiti a ranar. Idan dare ya yi kuma hanya ba ta biyuwa, a kira lambar asibiti a faɗi abin da ake ciki, a tashi da asuba. Kada a jira ranar kasuwa, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Ƙwayoyin cuta a cikin ido

Wannan ita ce matsalar da likitan ido ya fi tsoro. Ƙwayoyin cuta suna shiga cikin ƙwayar ido ta raunin aiki, mafi yawa daga fatar ido da gashin idon majinyacin kansa, ko daga hannu marar tsabta, tsumma, ko ruwa. Ba ta cika faruwa ba. A manyan cibiyoyi takan sami kusan mutum 1 cikin 1,000 ko ƙasa da haka. Amma idan ta zo, tana iya kashe ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta fi bayyana a makon farko, ko da yake tana iya zuwa har cikin mako 6. Masu ciwon sukari da ba su daidaita shi ba suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari.

Maganin ɗigawa kaɗai ba ya isa, domin ba ya kaiwa can cikin ido da ƙarfin da ake buƙata. Ƙwayar sha ko allurar cinya daga kemis ma haka. Abin da likita yake yi shi ne ya kashe zafin idon, ya zuƙo ɗan ruwan cikinsa don gwaji, sannan ya yi allurar maganin ƙwayoyin cuta kai tsaye a cikin ƙwayar ido. Magungunan da aka fi haɗawa su ne vancomycin da ceftazidime. Wani lokaci akan maimaita allurar bayan kwana biyu. Idan gani ya faɗi har mutum ba ya ganin komai sai haske, akan yi wata tiyata ta kwashe ruwan bayan ido mai kauri tare da mugunyar. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1995, a kan majinyata 420, ya nuna cewa masu irin wannan faɗuwar gani su ne suke amfana da a yi musu wannan tiyata nan take. Tiyata ce ta ƙwararru da na'urori na musamman, wadda sai a manyan cibiyoyi irin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Akwai kuma rigakafi. Wanke ido da maganin aidin kafin aiki yana rage haɗarin, kuma wani bincike na ƙasashen Turai da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa sa maganin cefuroxime a cikin ido a ƙarshen aiki ya rage wannan cuta kusan ninki biyar. Wannan aikin likita ne. Naka aikin shi ne tsabtar hannu, ɗiga magani kan lokaci, da hana komai shiga idon.

Hawan jinin ido bayan aiki

Abin da ake kira hawan jinin ido ba jini ba ne yake hawa. Ruwan cikin ido ne yake taruwa ya matse jijiyar gani. A lafiyayyen ido, awon wannan matsi yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Bayan tiyata yana iya hawa a rana ta farko ko ta biyu, saboda ragowar ruwa mai yauƙi da ake amfani da shi lokacin aiki, ko kumburi, ko jini da ya toshe magudanar ruwan ido. Alamarsa ciwo ne mai nauyi, ciwon kai a ɓangaren idon, hazo, wani lokaci har da amai. Sau da yawa iyali sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su ɓata kwana biyu suna ba da maganinsa.

Likita zai auna matsin, ya ba da maganin ɗigawa kamar timolol, ko ƙwayar acetazolamide, wani lokaci kuma ya rage ruwan ta bakin raunin. Yawanci yakan sauka cikin 'yan kwanaki. Amma sai ka gaya wa likita gaskiyar lafiyarka: timolol yana iya tayar da asma ya kuma rage bugun zuciya, acetazolamide kuma ba ya dacewa da masu sikila da masu ciwon ƙoda.

Akwai wani hawan da ba ya ciwo. Maganin ɗigawa mai rage kumburi da ake ba kowa bayan aiki, irin su dexamethasone da prednisolone, yana sa matsin ido ya hau a wasu mutane bayan makonni. Shi ya sa ake rage shi a hankali a daina cikin mako 4 zuwa 6, kuma shi ya sa ake auna ido a kowace dawowa. Wanda ya ci gaba da sayen wannan magani a kemis wata da watanni saboda yana jin daɗinsa a ido, zai iya lalata jijiyar ganinsa bai sani ba, kuma abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa.

Kumburin madubin gaba

Idan yanar ta tsufa ta yi tauri, fitar da ita yakan wahalar da madubin gaban ido, sai ya sha ruwa ya yi hazo. Mutum zai ga kamar yana kallo cikin hazon hunturu, abin ya fi yawa da safe. Mafi yawa yakan washe da kansa cikin kwanaki ko 'yan makonni, da taimakon maganin rage kumburi, da rage matsin ido idan ya hau. Kaɗan ne madubinsu ba ya washewa, kuma su ne ake duba yiwuwar yi musu dashen madubi. Bambancinsa da cutar da aka ambata a sama shi ne, wannan hazo yana nan tun ranar farko kuma raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Duk da haka, likita ne zai tabbatar.

Buɗewar rauni da jini a gaban ido

Murza ido, tari mai ƙarfi, ɗaukar kaya mai nauyi, ko hannun jika da aka ɗauka ya kai wa idon duka, suna iya buɗe raunin. Ruwan ido sai ya riƙa yoyo, wani lokaci wani yanki na baƙin ido ya leƙo ta bakin raunin, ɗan ramin tsakiyar ido ya karkace. Wannan ƙofa ce buɗe ga ƙwayoyin cuta. Kada a taɓa, kada a danna, kada a ɗiga komai. A ɗora murfin roba da aka bayar a asibiti, a manna da filasta ba tare da matsa idon ba, a tafi. Ƙaramin yoyo yakan tsaya da bandeji, babba kuma sai an koma ɗakin tiyata an ɗinke.

Jini kaɗan da ya kwanta a gaban baƙin ido yakan tsotse da kansa idan mutum ya huta, ya kwanta da kai a sama. Kada ka sha asfirin don ciwo sai da izinin likita. Idan kuma dama likita ne ya ɗora ka a kan maganin tsinka jini, kada ka daina da kanka, ka tambaya. Mai sikila da jini ya taru masa a ido yana buƙatar kulawa ta kusa, domin matsin idonsa ya fi saurin hawa.

Kumburin tsakiyar ratina

Wani zai fara gani da kyau, sai bayan mako 4 zuwa 6 ya lura tsakiyar abin da yake kallo ya dusashe, ko layin da yake miƙe ya zama karkatacce. Babu ciwo, babu ja. Ruwa ne ya taru a tsakiyar ratina saboda kumburi, kuma ya fi samun masu ciwon sukari. Ba matsala ce ta kwana ɗaya ba, amma a je a cikin makon. Maganinsa na ɗigawa ne iri biyu na rage kumburi, na tsawon makonni ko watanni. Idan bai ji ba, akwai allurar da ake yi a gefen ido ko a cikinsa. Yawancin mutane suna samun sauƙi.

Ɓallewar ratina

Ratina tana iya yagewa, ruwa ya shiga bayanta ya ɗaga ta daga bangon ido. Wannan kan faru makonni, watanni, har shekaru bayan aikin yana, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda dama ba sa ganin nesa sosai, da waɗanda jakar gilashinsu ta fashe lokacin aiki. Ba ta ciwo, kuma rashin ciwon ne yake yaudarar mutane. Alamunta su ne walƙiya, baƙaƙen ɗige-ɗige kamar ƙudaje ko toka, sannan labulen duhu daga gefe.

Idan an zo tun yagewa ce kawai, ana like wurin da hasken leza ba tare da yanka ba. Idan ta riga ta ɗaga, sai tiyata a babbar cibiya. Wanda aka yi wa kafin duhun ya kai tsakiyar gani ya fi samun ganinsa ya dawo. A nan kwanaki ake ƙirgawa, ba makonni ba.

"Yanata ta dawo"

Wannan magana muna jin ta kullum. Yanar da aka cire ba ta sake tsirowa. Abin da ke faruwa shi ne, jakar da aka bari don riƙe gilashin roba takan yi hazo a hankali, bayan watanni ko shekaru. Yakan sami kusan mutum 1 cikin 5 a cikin 'yan shekaru, kuma ya fi yawa a yara da matasa. Gani yakan dusashe sannu a hankali, hasken fitilar mota ya riƙa kashe ido da dare.

Maganinsa yana da sauƙi. Kana zaune a gaban na'ura, likita zai huda tagar tsakiyar jakar da hasken leza cikin 'yan mintoci, babu yanka, babu kwanciya a asibiti. Ba gaggawa ba ce, za ka iya shirya tafiyarka. Abin baƙin ciki shi ne dattawan da ke zaune a gida da wannan hazo, sun yanke ƙauna suna cewa aikin bai yi ba, alhali abin da ya rage musu na mintoci ne. Wasu kuma ba komai suke buƙata ba sai tabarau, wanda ake aunawa bayan kamar mako 6 da aiki.

Bayan aikin hawan jinin ido da na gashin ido

A tiyatar hawan jinin ido, likita yana buɗe wa ruwa sabuwar hanya, sai wani ɗan ƙulli ya fito a farin ido a ƙarƙashin fatar sama. Wannan ƙulli ba cuta ba ne, ta nan ruwan yake fita. Aikin ba ya dawo da ganin da ya tafi, sauran yake karewa. Hanyar tana iya toshewa matsi ya sake hawa ba tare da ka ji ba, don haka dawowa awo wajibi ne har tsawon rayuwa. Ƙullin kuma yana iya kamuwa da cuta ko bayan shekaru. Duk ranar da idon ya yi ja da kwantsa, a ɗauke shi da gaggawa, kada a ce afolo ce.

Amosanin ido yana sa fatar ido ta juya ciki, gashi ya riƙa goge madubi. Bayan aikin gyara fatar, akan cire zare cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan an bar zaren, wani ɗan jan nama yakan tsiro a cikin fatar, amma ana cire shi cikin sauƙi. Gashin kuma yana iya sake juyawa. Idan ka sake jin suka, ka koma a duba. Ƙwararre ne zai yanke shawarar ko a riƙa cire gashin ko a sake aiki.

Idan aikin gargajiya aka yi

Har yanzu akwai masu yawo ƙauyuka suna soka ƙarfe mai tsini a ido su tura yanar ta faɗa bayan ido. Binciken ƙasa da aka ambata ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa wani aiki don yana, wannan aikin gargajiya aka yi musu, kuma yawancinsu sun ƙare da mummunan gani ko makanta. Yanar tana nan a cikin ido, tana iya jawo kumburi, hawan jinin ido, cuta, ko ɓallewar ratina. Idan an riga an yi wa wani naka, kada kunya ta hana ku zuwa asibiti, kuma ku faɗi abin da aka yi. Akwai masu amfana da magani da tabarau mai ƙarfi, kuma sanin gaskiya yana ba likita damar kare ɗaya idon.

Abin da ba a sa wa idon da aka yi wa aiki

Kada a sa kwalli ko tozali, ruwan ganye, nonon mace, zuma, ruwan sukari, ruwan gishiri, fitsari, ko ruwan rubutu. Ko a lafiyayyen ido wasunsu suna ƙona madubi, balle idon da ke da rauni. Kada a ari maganin maƙwabci, ko da shi ma aikin yana aka yi masa. Kada a bar mai kemis ya musanya maganin da likita ya rubuta da wani don ya fi araha sai an tambaya.

Yadda ake ɗiga magani

A wanke hannu da sabulu. Majinyaci ya ɗaga kai ya kalli sama. A ja fatar ƙasa a hankali, a ɗiga ɗigo ɗaya, kada bakin kwalba ya taɓa ido ko yatsa. Ya rufe ido minti ɗaya ko biyu ba tare da matsewa ba. Idan magani biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu, mai kama da man shafawa ya zo a ƙarshe. Kwalbar da aka buɗe ta wuce mako 4, a jefar da ita. Ya fi kyau a ware mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa ɗiga wa tsoho, kuma a ɗaure lokutan da abin da ba a mantawa, kamar lokutan cin abinci ko na salla.

Gona, ƙura da hayaƙi

Ƙasar Zuru ƙasar noma ce, kuma yawancin waɗanda ake yi wa aiki manoma ne da matan gida. A makonnin farko a nisanci sussuka da shiƙa, faskare, shara, da hayaƙin murhu. Ƙaiƙayi da ƙura suna sa mutum ya murza ido bai sani ba. A lokacin hunturu a sa baƙin tabarau idan za a fita, haka ma a kan babur. A kwana da murfin roba a ido na tsawon kwanakin da likita ya faɗa. Kada ruwan wanka ko sabulu ya shiga idon, kada a yi wanka a rafi. Wajen alwala ma a kiyaye ruwa daga idon, a tambayi likita ranar da za a koma yin sujada da sauran sunkuyo mai tsawo. Mai ciwon sukari da mai hawan jini su ci gaba da shan maganinsu. Babu wani abinci da aka hana saboda aikin ido.

Shirin da ya kamata iyali su yi tun kafin aiki

Ga mai zama nesa, rabin maganin matsala shi ne shirin da aka yi kafin ta zo. Kafin ku bar wurin da aka yi aiki, ku tabbatar kun sami amsar waɗannan:

Wace lamba za mu kira idan abu ya faru da dare? Wane asibiti za mu je idan likitocin gangami sun tafi? Yaushe za mu dawo? Yawanci akan duba washegari, sannan bayan mako ɗaya ko biyu, sannan bayan mako 4 zuwa 6. Ku karɓi kati mai nuna irin aikin da aka yi, ranar da aka yi shi, idon da aka yi wa, da sunayen magunguna. Ku ajiye kuɗin mota na zuwa da dawowa a gefe, kada a taɓa shi sai mako 6 ya cika. Idan da ɗan'uwa a garin da aka yi aiki, zaman makon farko a wurinsa ya fi komawa ƙauye, tunda a makon ne cuta mafi haɗari ta fi zuwa, kuma matsalar tsaro da lalacewar hanya da damina suna iya tsare mutum a gida.

Idan alama ta bayyana, ku fara da asibitin gwamnati mafi kusa da ke da ma'aikacin ido, kamar babban asibitin Zuru, ku nemi takardar turawa idan abin ya fi ƙarfinsu. Manyan wuraren da ake turawa sun haɗa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, wanda aka fi sani da FMC, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano. Ku tafi da kati da duk kwalaben magani. Da kun isa, ku faɗa wa ma'aikacin farko da kuka gani cewa an yi aikin ido ranar kaza, gani yana raguwa kuma ciwo yana ƙaruwa. Wannan bayani yana sa a gane cewa ba mai jiran layi ba ne.

Wata magana ga 'ya'ya da jikoki: dattawanmu suna da kawaici. Tsoho zai kwana da ciwo bai faɗa ba don kada ya ɗora wa iyali kuɗi. Kada ku jira ya yi ƙorafi. Kowace safiya a makonni biyu na farko, ku rufe masa lafiyayyen idon da tafin hannu, ku tsaya nesa kaɗan a wuri ɗaya, ku ɗaga yatsu ya ƙirga. Ku duba jan idon a hasken rana, ku tambaye shi ko ya yi barci. Idan jiya ya ƙirga daga bakin ƙofa, yau kuma sai kun matso kusa, ku nemi mota a ranar. Idan an je aka ce ba komai, kuɗin mota kaɗai aka kashe, an kuma dawo da ido lafiya.